Mutum-mutumin da aka yi shekara 90 ana sassaƙawa: me ke kai mabiya Buddha wurinsa?

1/ Zare 🧵
A watan Agustan 2020 na ci karo da wani bidiyo daga ƙasar Sin: ambaliya ta taso, jan ruwa yana lasar yatsun ƙafar wani ƙaton mutum-mutumi, ma'aikata na ta jera buhunan yashi. Aka ce rabon da ruwa ya kai nan tun 1949. Tun ranar nake bin tarihinsa. Ku gyara zama.

2/ Kafin a fara jifa na a ƙasa: tarihi nake bayarwa, wa'azi kuma yana da masu shi. Tambayar da ta dame ni ita ce, me zai sa mutane su fasa dutse guda su mayar da shi siffar mutum, sannan bayan shekara 1,200 jikokinsu na ci gaba da bin layi don su tsaya a gabansa?

3/ Sunansa Babban Buddha na Leshan, a lardin Sichuan, kudu maso yammacin Sin. Tsayinsa mita 71, wato kamar bene mai hawa ashirin da wani abu. A zaune yake fa. Kunnensa kaɗai mita 7 ne. Faɗin kafaɗunsa mita 28. Mutum na iya zama daram a kan farcen ƙafarsa.

4/ Abun mamaki, addinin Buddha bai fara da mutum-mutumi ba. Bayan rasuwar Siddhartha Gautama a arewacin Indiya, an yi ɗaruruwan shekaru ba a zana fuskarsa. Masu sassaƙa sai su yi sawun ƙafa, ko bishiya, ko kujera babu kowa a kai. Mai kallo ya san wa ake nufi.

5/ Sai wajen ƙarni na 1 miladiyya aka fara yi masa siffar mutum, a Gandhara (yankin Pakistan da Afganistan na yau) da kuma Mathura a Indiya. Daga nan fatake da malamai suka ɗauki siffar suka bi hanyar siliki da ita har Sin, daga Sin ta wuce Koriya da Japan. Tana tafiya tana ƙara girma.

6/ Toh mu koma Leshan. A gindin dutsen Lingyun koguna uku ke haɗuwa: Min, Dadu da Qingyi. Da damina ruwan hauka yake yi. Yana bugun bangon dutse ya juyo, ya kife jiragen fatake. Mutanen garin sun saba da tsamo gawa. Wannan shi ne asalin labarin, tsoron ruwa.

7/ A shekarar 713, zamanin daular Tang, wani malamin addinin Buddha mai suna Haitong ya ce zai sassaƙa Buddha a jikin dutsen, ya fuskanci mahaɗar, don ruwan ya lafa. Ba shi da sarauta, ba shi da dukiya. Sai ya shiga gari-gari yana neman gudummawa. An ce ya ɗebi kusan shekara 20 yana tarawa.

8/ Nan ne labarin da duk ɗan Leshan ya sani ya shigo. Wai da kuɗin suka taru, wani jami'in gwamnati ya zo neman kasonsa. Haitong ya nuna masa cewa gara ya rasa idonsa da a taɓa dukiyar. Jami'in ya ce to mu gani. Malamin ya ƙwaƙule idonsa ya ɗora a faranti. Jami'in ya ranta a na kare.

9/ Ko haka abun ya faru daidai, ko baki ya ƙara masa gishiri, ku lura da aikin da labarin yake yi. Yana gaya wa duk wanda ya ba da kwabonsa cewa ba a ci amanarsa ba. Har yau akwai kogon da aka ce nan Haitong ya zauna a saman dutsen, kuma masu ziyara na tsayawa a wurin.

10/ Haitong bai ga ƙarshen aikin ba. An kai kafaɗu ya rasu, aiki ya tsaya. Bayan shekaru wani gwamnan soja, Zhangchou Jianqiong, ya ba da kuɗi daga albashinsa, aka sauko har gwiwa. Aka ɗauke shi zuwa babban birni, aiki ya sake tsayawa, wannan karon kusan shekara 40.

11/ Sai wani gwamnan, Wei Gao, ya ɗora, shi ma da kuɗinsa da tallafin fada. Aka gama a 803. Ku lissafa: 713 zuwa 803, shekara 90. Yaron da ya ga an fara fasa dutsen, da wuya ya ga an kai ƙafa. Masassaƙa sun mutu sun bar wa 'ya'yansu guduma, su ma suka bar wa nasu.

12/ Shin ruwan ya lafa? Abun da ake faɗa shi ne, tarin duwatsun da aka fasa aka riƙa zubawa cikin kogin sun cike ramukan ƙasa, suka rage ƙarfin juyin ruwan. Injiniya zai ce ɓaraguzai ne suka yi aiki. Mai ibada zai ce alƙawarin Haitong ne ya cika. Matuƙin jirgi dai ya isa gida.

13/ Kuma masassaƙan nan ba da ka suka yi aiki ba. Dutsen jan dutse ne mai laushi, Sichuan kuma ƙasar ruwan sama ce. Sai suka ɓoye magudanan ruwa a cikin nadin gashin kansa (nadi 1,021 ne), da bayan kunnuwa, da wuyan riga, da ƙirji. Ruwa ya bi ta nan ya sauka, bai ci fuskar ba.

14/ Yanzu tambayar farko: me ya sa sai ƙato? Wanda aka sassaƙa a Leshan ba Gautama ba ne. Maitreya ne, Buddha mai zuwa. A aƙidarsu, idan koyarwar ta dushe a duniya, zai bayyana a wani zamani na yalwa da zaman lafiya, lokacin da mutane za su yi tsawon rai da tsawon jiki.

15/ Littattafansu sun siffanta Maitreya da girman jiki na ban mamaki. Kenan mai sassaƙa shi ƙato yana ƙoƙarin nuna shi a girman da suka yi imani zai zo da shi. Wanda ya tsaya a gabansa kuma yana fatan a sake haifarsa a wancan zamanin, ya ji koyarwa daga bakinsa. Girman kansa wani sashe ne na aƙidar.

16/ Siyasa ma ta sa hannu. Wu Zetian, mace ɗaya tilo da ta hau gadon sarautar Sin da sunanta (690 zuwa 705), magoya bayanta sun danganta ta da Maitreya. A zamaninta, a 695, aka fara wani Maitreya mai mita 35 da 'yan kai a kogunan dutse na Dunhuang. Haitong ya fara nasa ne ana cikin wannan yayi.

17/ Dalili na biyu shi ne lada. A wurin mabiya Buddha, kyakkyawan aiki yana tara lada da ke bin mutum har rayuwa ta gaba, kuma ana iya sadaukar da shi ga iyaye da suka rasu. Yin siffar Buddha na cikin manyan hanyoyin samunsa. Babban aiki kuwa yana buɗe ƙofa ga dubban mutane su sa hannu.

18/ Inda na fi ganin wannan ƙarara shi ne Japan. Ku biyo ni Nara, shekara 20 da wani abu bayan Haitong ya fara nasa. Tsakanin 735 da 737 annobar agana ta ratsa ƙasar. Masana na ƙiyasta ta kashe tsakanin kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na jama'a. Gonaki suka koma kufai.

19/ Ba ta bar manya ba. 'Yan'uwa huɗu na gidan Fujiwara, waɗanda su ke juya fada, duk sun mutu a 737. A 740 aka yi tawaye. Sarki Shomu ya rasa inda zai sa kansa, har ya riƙa sauya babban birni. A 743 ya ba da umarni a ƙera ƙaton Buddha na tagulla don ƙasa ta samu lafiya.

20/ Abun da ya kama ni a umarnin shi ne wannan. Sarkin ya yarda cewa da dukiyarsa da ikonsa zai iya yin aikin shi kaɗai, amma hakan ba zai cika manufar ba. Ya ce duk mai son taimakawa, ko da ciyawa ɗaya ko dunƙulen ƙasa zai kawo, a bar shi. Ya kuma hana jami'ai matsa wa talaka da sunan aikin.

21/ Wa zai shiga ƙauyuka ya tara? Gyoki. Wannan malamin, shekarun baya gwamnati ta tsangwame shi saboda yana wa talakawa wa'azi a kan hanya ba da izini ba. Amma shi ya gina musu gadoji da madatsun ruwa, shi suka yarda da shi. Dole fada ta nemo shi. A 745 aka ba shi muƙami mafi girma na malamai.

22/ An zuba tagulla wajen tan 500, hawa-hawa har zubi takwas, aka samu siffa mai tsayin kusan mita 15. Zinaren shafawa ya so ya gagara, sai a 749 aka gano zinare a arewa, a lardin Mutsu, aka ɗauka alama ce ta yarda. Bayanan haikalin Todaiji sun ce sama da mutum miliyan 2.6 ne suka ba da gudummawa ko ƙarfinsu.

23/ A 752 aka yi bikin da suke kira buɗe ido. A al'adarsu, siffa ƙarfe ce ko dutse kawai har sai an ɗiga mata ƙwayar ido. Wanda ya riƙe alƙalamin gashin a ranar Bodhisena ne, malami daga Indiya. Malamai wajen 10,000 suka halarta, da makaɗa da 'yan rawa na salon ƙasashe daban-daban.

24/ Ga wurin da nake so ku riƙe. An ɗaura dogayen igiyoyi a jikin alƙalamin, aka zuro su ƙasa. Shomu, wanda ya riga ya sauka daga mulki, da matarsa Komyo, da mahalarta suka kama. Hannu ɗaya ne ya ɗiga idon, amma duk mai riƙe da igiya yana da rabo a ciki. Alƙalamin da igiyar suna nan a taskar Shosoin har yau.

25/ Tun da na karanta wannan na daina kallon manyan siffofin nan a matsayin aikin sarki kawai. Sarki na da nasa dalilin, tabbas. Amma mai zuwa ziyara yau, ya kunna turaren wuta, ya jefa tsabarsa a akwati, a ganinsa shi ma kama igiyar nan yake yi. Yana shiga aikin da aka fara kafin a haifi kakan kakansa.

26/ Kar ku ɗauka kowa ya ji daɗi fa. Aikin ya tatse baitulmali, talakawa suka sha aikin dole duk da abun da umarnin ya faɗa. A 757 aka kama wani basarake, Tachibana no Naramaro, da shirin juyin mulki. Da aka tuhume shi, cikin hujjarsa har da wahalar da ginin Todaiji ya jefa jama'a. Muhawarar ta tsufa.

27/ Sannan siffar ta sha wuta. A 1180 yaƙi ya ƙone haikalin, kan ya faɗi. Wani malami, Chogen, yana da shekara 60 da ɗoriya, ya sake bin ƙasa yana tara gudummawa. A 1185 aka sake buɗe idon, da alƙalamin nan na 752. Ku duba, salon bai canja ba: malami, tafiya, da kuɗin jama'a.

28/ A 1567 wani yaƙin ya sake ƙone shi. Wannan karon Buddha ya yi sama da shekara 100 a fili, rana da ruwa na dukansa, kafin malami Kokei ya sake fita bara dominsa. Ginin da ake gani yau an gama shi a 1709. Mafi yawan jikin siffar gyara ne a kan gyara. Ba wanda wannan ya hana zuwa.

29/ Duk ranar 7 ga Agusta, malamai da masu sa kai sama da ɗari, sanye da fararen kaya, suna hawa jikin siffar su share ƙurar shekara, wasu a kujerun da aka rataya daga rufi. Kafin su hau sai an yi addu'ar fitar da ruhin siffar na ɗan lokaci, don kar a taka abu mai rai. Haka suka ɗauke ta.

30/ Nan akwai abun da ya kamata a faɗa daidai. Idan ka tambayi malamansu, da yawa za su ce Buddha ba mahalicci ba ne, malami ne, siffar kuma tunatarwa ce ga nutsuwa da tausayi. Amma tsohuwar da ta zo roƙon lafiyar jikanta, ita a wurinta akwai wanda ke ji. Duka biyun suna tsaye a layi ɗaya.

31/ Dalili na uku jiki ne ke jin sa. A Leshan daga sama ake farawa, daidai kunne. Sai ka bi wata siririyar matakala mai lanƙwasa tara da aka sassaƙa a bangon dutse, ka wuce kafaɗa, ka wuce gwiwa, har ka sauka gaban yatsu. A lokacin hutu mutane na yin sa'o'i a layin nan.

32/ Ka fara kana kallonsa ido da ido, ka ƙare kai ba ka kai tsayin ƙafarsa ba, kogi na ruri a bayanka. Addinin da ke koyar da cewa girman kai da son zuciya su ne tushen wahala, ya samu hanyar sa mutum ya ji ƙanƙantarsa ba tare da an karanta masa ko layi ɗaya ba. Manomin da bai iya karatu ba ya gane.

33/ Dalili na huɗu, hanya. Leshan na kusa da dutsen Emei mai tsayin mita 3,099, ɗaya daga duwatsu huɗu masu tsarki na mabiya Buddha a Sin. Mai zuwa Emei ta kogi sai ya bi ta gaban siffar. Masauki, masu abinci, masu sayar da turare, duk suka taru. A 1996 UNESCO ta sa wuraren biyu tare a jerin kayan tarihin duniya.

34/ Haka Bamiyan ta kasance a Afganistan: kwari a kan hanyar ayari, da siffofi biyu a jikin dutse, mita 55 da mita 38. Malamin Sin Xuanzang ya bi ta nan wajen 630, ya ba da labarin siffa mai ƙyallin zinare da gidajen ibada cike da malamai. Bafatake da ya hango ta daga nesa ya san ya iso wurin ruwa da kwana.

35/ A watan Maris 2001 Taliban suka rusa su da nakiya, duk da roƙon da aka yi musu daga ƙasashe da dama, ciki har da tawagar malaman Musulunci da ta je Kandahar. Ramukan biyu suna nan fayau. A 2003 UNESCO ta sa kwarin a jerinta, kuma mutane ba su daina zuwa kallon gurbin ba.

36/ Zamanin nan ma ba a daina ba, sai ma tsere. Ushiku a Japan, mita 120, 1993. Na tsibirin Lantau a Hong Kong, mita 34, da matakala 268, shi ma 1993. Na lardin Henan a Sin, mita 128 ban da dandamali, 2008. Abun da Haitong da magadansa suka yi a shekara 90, yau injuna na yin fiye da shi a 'yan shekaru.

37/ Kuma ƙorafin Naramaro ya dawo da sabuwar riga. Wasu siffofin 'yan kasuwa ne ke gina su don tikitin shiga. Mabiya addinin da kansu na tambaya ko ba gara asibiti ko makaranta ba. A 2017 gwamnatin Sin ta fitar da umarnin hana kasuwanci da addini da kuma gina manyan siffofi a fili barkatai.

38/ Ni dai abun da na fahimta: tsayi na jawo mai ɗaukar hoto, amma mai ibada labarin yake bi. Leshan na da jiragen da suka nutse da malamin da ya ba da idonsa. Nara na da annoba da igiyar da kowa ya kama. Mai zuwa da tasa damuwar, rashin lafiya ko jarrabawa ko mamaci, yana zuwa inda wasu suka taɓa kai tasu.

39/ Mu koma bidiyon 2020. Mutanen Leshan na da karin magana cewa idan Babban Buddha ya wanke ƙafa, garin ba ya barci. A makon nan an kwashe sama da mutum 100,000 daga gidajensu a yankin. Siffar da aka yi don tsoron ruwa ta zama ma'aunin ruwan. Da ya janye aka share laka, aka sake buɗe matakala, layi ya dawo.

40/ Nan zan tsaya. In akwai wanda ya taɓa zuwa Leshan ko Nara cikin 'yan'uwanmu masu karatu ko kasuwanci a can, ya ba mu labarin abun da ya gani. Zare na gaba, in Allah ya yarda: tafiyar Xuanzang daga Sin zuwa Indiya, shekara 16 a hanya.